Robar Bakin Akwati

Abubuwa da yawa sun same ni na manta, amma ranar da muka buɗe akwatin famfon wani ƙauye a yankin Furana ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah.

Yayana ne ya koya mini aikin sola a shagonsa da ke Makarfi. Mutum ne da bai yarda cewa komai sai daga waje zai zo ba. Ya yi shekaru yana haɗa akwatin da ke sarrafa famfon rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, yana ƙonawa yana sakewa, har Allah Ya ba shi sa'a. A cikin akwatin akwai wani ɗan allo mai wayoyi, shi ne ƙwaƙwalwar famfon, kuma ba ya shiri da ruwa ko girgiza. Saboda haka ya auna komai ya aika wa wani kamfani, suka yanko masa soso daidai mazaunin allon, da roba mai zagaye bakin murfin. Samfurin da suka fara aikowa sai da ya jiƙa shi, ya shanya shi a rana, ya ja shi da ƙarfi, bai nuna komai ba, sannan ya ce a kawo da yawa. Waɗanda suka iso daga baya, ido ba zai iya raba su da samfurin ba.

A ranin nan muka kafa akwatunan daga Likoro har Furana. A wannan ƙauye da nake magana, kududdufi suke sha tare da shanu. Ranar da ruwa ya zubo daga famfo mata suka yi ta guɗa, liman ya dafa kan Yaya ya sa masa albarka. Ban taɓa ganin haƙoran Yaya a waje kamar ranar ba.

Bazara ta zo da zafinta, ruwan farko ya sauka, sai waya ta fara ƙara. Wannan ya ce famfo ya tsaya, wancan ya ce ya ji ƙauri. Kafin mu gama da na kusa an yi kwanaki, ga hanyar Furana ta ɓaci. Da muka isa, mun tarar da jarkoki a jere babu kowa a kansu, sai mai unguwa da 'yan dattawa a gindin tanki. Bayan doguwar gaisuwa Yaya ya kwance murfin. Ruwa ne ya fara zubowa a kan takalminsa. Soson ya sha ya ƙoshi, allon ya yi baƙi ƙirin. Ya kai hannu ga robar, sai ta marmashe a yatsunsa kamar ƙuli-ƙuli. Rana ta gasa ta, ta tsattsage, ruwa ya samu hanya.

Ya daɗe a tsugune. Can ya tambayi mai unguwa inda suke ɗiban ruwa yanzu. Dattijon ya nuna wajen kududdufi da haɓa, ya ce amai da gudawa ya shiga gidaje, jiya ma sun binne wata yarinya.

Muna nan sai ga wata tsohuwa ta zo wucewa da tulu a ka. Aka raɗa mana cewa kakar yarinyar ce. Ta tsaya ta dubi Yaya, ta ce, "Ɗana, tashi, kada ka sa wa ranka. Kwananta ne ya ƙare. Ka shayar da mu wata da watanni, Allah Ya biya ka."

Da zaginsa ta yi, ina jin da ya fi masa sauƙi. A mota, da muka kusa Makarfi, ya ce, "Ƙanena, na gwada wancan samfurin, ban gwada waɗannan da suka iso daga baya ba."

Mun kira kamfanin, suka ce abin da aka auna shi suka yanka, zancen rana ba nasu ba ne. Yaya ya sayar da gonarsa ya gyara famfunan duka, na ƙauyen nan shi ne na farko. Daga nan ya rufe shago. Likita ya faɗa masa, malamai sun yi masa nasiha, cewa cuta takan zo da damina ko da famfo ko babu. Yakan gyaɗa kai kawai. Yau yana noman masara a gonar aro, ko fitilar ɗakinsa ce ta lalace sai ya kira wani. Ilimin da ya tara yana nan a kansa yana ruɓewa, ni kuwa rabinsa ban kai ga ɗauka ba.

Abin da na koya ɗaya ne, kuma bai da daɗi. Aikin da rayukan mutane suka rataya a kansa ba shi da ƙaramin abu, kuma wata ɓarnar ko an gyara famfo ba ta gyaruwa.