Jan Farcen da Aka Wanke daga Ampilin Kalla

Mutanen gida a nan Galma: maigidana Malam lafiya lau in ban da gwiwa. 'Yata Asiya da jaririnta lafiya. Cima tana cikin takaba, tana taɓa abinci kaɗan-kaɗan. Ni Biba ina tsaye. Wanda ba shi da lafiya shi ne autana Hafizu, kuma ba ciwon da likita ke dubawa ba ne.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, Allah ya karɓi ran ƙanena Kalla, mijin Cima, mai gyaran rediyo da salula. Ya faɗi da moto a hanyar dawowa daga Bangi, rai ya yi halinsa tun kafin a kai shi Madawa.

Kalla, da girmana na koyi baƙi, hannuna ba ya sauri, amma ba zan bari waɗanda ba su san ka ba su ba da labarinka.

Da kana raye suna ce maka mai kiɗan iskoki. In ka wuce da gita a kafaɗa, iyaye su janye 'ya'yansu. Amma in lasifikar masallaci ta shaƙe, kai ake aika wa. In salular tsohuwa ta faɗa ruwa ranar da ɗanta zai kira daga Abijan, kai ne za ka ajiye tuwonka ka buɗe ta. Ranar sadakar uku na gan su duka, sun cika zaure, suna cewa Allah sarki, mutumin kirki. Sun ci, sun wanke hannu, sun tafi.

Kiɗan da kake so, metal kake ce masa. Ni da farko ihu na ji kamar injin niƙa ya haɗiyi dutse. Ka yi dariya ka ce, "Yaya, ki dakanta, wurin kukan na tahe." Can a tsakiya sai gita ta fita ita kaɗai, ta hau sama tana rawa kamar muryar mace mai waƙar daɓe. Ka ce wannan shi ne solo. Daga ranar na daina toshe kunne.

Haka ka karɓi Hafizu lokacin da ya faɗi jarrabawa ya fara zaman tasha. Ina kallonku daga bakin murhu. Ka rage wa waƙa gudu a salula, ku ɗauki ɗan guntu ku yi ta maimaitawa har kajin gidan su haddace. Ka hana shi sauri. Kakan ce, "In ba ka iya rera shi da baki ba, kak ka taɓa min tsirkiya." Ka koya masa tura tsirkiya sama da yatsa har ta kai muryar da ake nema, ya riƙe ta nan tana karkarwa. Yatsunsa suka fashe, na shafa masa man kaɗe, ka ce in bari su yi kanta. Yaron da ba ya kwana gida ya koma ba ya fita.

Muryar nan ba daga yatsu kaɗai take fitowa ba. Ampilinka mai ƙara wa gita sauti, da hannunka ka haɗa shi daga gawar rediyoyi, da ƙaramin akwatin da kake takawa, wanda kake ce wa disto, da batirin da fanon hasken rana ke cikawa. Shekaru ka yi kana murɗa maɓallai kafin ka sami abin da kake so, mai kauri amma ba ya cinye kukan. Da ka samu, ka ari jan farcen Cima ka ɗiga wa kowane maɓalli alama a inda ya tsaya.

Bayan sadakar uku mata suka shiga wanke kayan mamaci kamar yadda aka saba. Gwaggo Jaratu ta ga ɗigo-ɗigon ja, ta ɗauka jini ne ko datti. Ta sa toka da tsumma ta goge tas, ta daidaita maɓallan duka suka kalli sama don su yi kyau. Alheri ta nufa. Na kasa yi mata faɗa, na kuma kasa gaishe ta.

Kai ma ina da magana da kai, Kalla. Ka koya wa yaron nan komai na yatsu, amma ba ka taɓa bari ya sa hannu a maɓallan ba. Kullum "sai ka gama wanga solo". Ga shi ka tafi a rabin solon.

Yanzu Hafizu yana wuni a shagonka, yana murɗawa yana kaɗawa yana girgiza kai. Fura ta yi tsami a gefensa. Jiya na ce ya taso, ya ce, "Inna, muryar nan ba ita ta ba. Kawu ba ya cikinta." An gama yankan gero, samari na ɗaure jaka, shi ma ya ce zai bi su cirani arewa, ta cikin hamada, ranar Lahadi mai zuwa. Na san hanyar nan. Ta ci 'ya'yan maƙwabtana biyu.

Allah ya jiƙan ka, Kalla, ya yafe maka, ya sanyaya makwancinka, ya sa gyaran da ka yi wa mutane ya tarbe ka. Ina yi wa Cima da 'ya'yanta ta'aziyya, da danginmu na Galma da na Ibohaman. Allah ya ba mu haƙurin da ni ban samu ba tukuna.

Roƙona ga Tanimu na Tawa, abokin kiɗan marigayi. Cima ta ce kana nan ranar da aka ɗiga alamomin. In ka tuna inda suka tsaya, ka zo ka murɗa su da hannunka. In ba ka tuna ba, ka zo duk da haka ka zauna da yaron, ku nema tare. Duk wanda ya karanta wannan ya kai masa. Ina jiran amsarka kafin Asabar, Tanimu, don motar Lahadi da sassafe take tashi.