Murhu Ɗaya, Jirgi Ɗaya

Ƙarnin kifi ba ya barin hannu. Na wanke da sabulu, na goga lemun tsami, na murza toka, yana nan. Kowace safiya motar da ke zuwa ta hanyar Tawa tana sauke mana buhun kifi cikin ƙanƙara a bakin tasha, ni da Inna mahaifiyata mu gyara, mu soya, mu sayar. Da na kwance bakin buhun, warin ya buge ni, sai in ga kaina a bakin tabkin garinmu ina ƴar shekara takwas, ko ina so ko ba na so. Yawanci ba na so.

Za ka ce me ya kawo ƴar masunta Agadas, garin da ruwan sha ma sai an yi jira a bakin famfo. Shi zan gaya maka, kuma ba ni da lokacin kwana-kwana.

Kakana, mahaifin Baba, shi ne sarkin ruwan garinmu. Ba sarautar rawani ba ce. Shi dai ke cewa yau a shiga ruwa, shi ke cewa a fito. Da damina, lokacin da tabki ya cika ya yi ja, kifi na zuba ƙwai cikin ciyawa, ba mai jefa komar kamun kifi. Sai an kai gero rumbu yake buɗe ruwa. Daga nan gari ya cika da hayaƙin banda, har zannuwanmu na salla suna warinsa. Da bazara ruwan ya ja baya, ya bar laka mai tsattsagewa, mu yara mu yi ta tsalle a kanta tana ƙona mana ƙafa.

Kaka yana da ma'auni ɗaya, tafin hannunsa. Yakan ɗora kifi, kai a kan yatsu. In wutsiya ba ta wuce wuyan hannu ba, sai ya mayar da shi ruwa. Ni kuwa amarya yake kira na, irin wasan kaka da jika.

“Amarya, yau ma ba ki dafa mini komi ba?”

“Wa zai auri tsoho mai warin tarwaɗa?”

Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Jirage uku ne a gidanmu: na Kaka, na Baffa wan Baba, da na Baba. Amma tukunya ɗaya ce, ta Iya matar Kaka, baƙa ƙirin, wadda sai mata biyu ke sauke ta. Jirgin Baba shi ne sabo. Da hannunsa ya toshe kowace kafa da kwalta, ya shafa masa shuɗin launi, kuma ba ya barin mu mu hau da ƙafar laka.

Sai aka yi shekarun da gona ba ta ba da komi ba. Manomi ya ajiye hauya ya sa aka ƙera masa jirgi. Makiyayin da dabbobinsa suka mutu, shi ma haka. Ban ga laifinsu ba, yunwa ba ta tambayar sana'ar ubanka. Amma da safe in ka tsaya a gaɓa, jirage ne kamar ƙuda a kan miki. Wasu ma suka ɗinke sangen da ake ba mata masu ciki a likita don sauro, suka mayar da shi taru. Sange ba ya barin komi, har ƙwan yake kwasowa. Baba ya fara dawowa da ƙwarya guda ta kifi kamar yatsuna.

Kaka ya tara dattawa a gindin gawo. Wani ma'aikacin gandun daji ya zo a kan moto da takardu, ya yi dogon bayani rabinsa Faransanci. Da ya gama, Kaka ya ce, “Jirage sun fi kifi yawa.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Aka yanke: murhu ɗaya, jirgi ɗaya. Duk masu ci daga tukunya guda su haɗu a jirgi guda, sauran a jawo su tudu a kife. Kowa ya ce madalla. A ranar nan, Kaka ya jawo nasa da kansa ya kife shi. A gidanmu saura biyu, kuma Baffa ne babba. Ka ga na wanda zai fita.

Cikin mako guda gari ya cika da zana. Kowane gida an ratsa shi biyu, wani uku. Ƴan'uwan da tun haihuwa suke sa hannu a akushi ɗaya, ga su wai sun raba gida. Duwatsun murhu suka yi wuya, mata na tafiya har bayan tudu suna ɗebowa a ka. Ana girka uku-uku a kowane lungu, a goga musu gawayi don su yi kama da tsofaffi. Da dariya ake yi. Ana ganin dabara ce.

Baba ma ya kafa tasa zanar, daga bakin rumbu zuwa katanga. Inna ta girka duwatsun. Amma ba a hura wuta a kansu ba. Tuwo na nan daga tukunyar Iya, ni ke zagayawa ta bayan rumbu ina ɗauko kwanonmu.

Ranar ƙirga murhu, bayan la'asar, Kaka ya ce da gidansa za a fara. Ya shigo ɓangarenmu da dattawa uku. Ko kallon duwatsun bai yi ba. Ya durƙusa a gabana, gwiwoyinsa na ƙara.

“Amarya, me kika ci jiya?”

“Tuwo da miyar kuka.”

“Wa ya tuƙa?”

“Iya mana. Wa ke tuƙi a gidan nan in ba ita ba?”

Ba wanda ya gaya mini abin da zan ce. Baba bai taɓa zaton ubansa zai tone shi a gaban mutane ba. Ɗaya daga cikin dattawan ya fara dariya, ya mayar da ita tari. Kaka ya dafa ƙasa ya miƙe, ya ce gobe a jawo jirgin.

Baba ya ce, “Haba, Baba. Ni ɗanka ne fa.”

“Shi ya sa,” in ji Kaka.

Kafin dattawa su kai gida na uku, labari ya riga su zagaye gari. Aka hura wuta a kan kowane sabon murhu, aka kama kunnen kowane yaro aka koya masa amsa. Jiragen da aka kife a ƙarshe ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma biyu daga ciki namu ne.

Baba bai buge ni ba. Da ma ya buga. Da yamma ya ce wa Inna ta hura wuta a kan duwatsun nan. “Tun da an raba, a raba.” Na tuna hayaƙin farko, yadda ya yi ta shiga idon Inna don itacen ɗanye ne. Ta bayan zana ina jin Iya tana kankare tukunyar da ta yi mata girma. Ƙarya ta zama gaskiya, amma Kaka ya ce ƙirga ta riga ta wuce. Haka aka yi a gidaje da yawa: zanar da aka kafa don wasa, ba a sake cire ta ba.

Jirgin Baba ya kwanta a kife ƙarƙashin bagaruwa. Kaji suka riƙa yin ƙwai a ƙarƙashinsa, rana ta cinye shuɗin, katakon ya buɗe baki. Baba ya yi shekara guda a jirgin Baffa, ɗaya a gaba, ɗaya a baya, ba mai ce wa wani sannu. Kifi kuma bai daina ƙanƙancewa ba. Bayan girbi muka hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Agadas. Kaka ya zo bakin hanya da ƙunshin banda, ya miƙo mini.

“Amarya, yaji za ki yi mini?”

Na kau da kai. Ina jin haushinsa, don ya yi amfani da bakina. Ya rasu ina aji na uku a koleji, ba mu sake ganin juna ba.

A lise, makarantar da ke gaba da koleji, mushenmu, wato malaminmu, ya zana tabki a allo, ya zana jirage, ya rubuta la surpêche da manyan baƙaƙe, wato kamun kifi fiye da kima, ya ce maganin abu ne mai sauƙi, a rage jirage. Na fi kowa maki a jarrabawar, kuma na so in yaga takardar. Gaskiya ya faɗa, Kaka ma gaskiya ya faɗa. Amma kowa na son a rage, muddin jirgin maƙwabci ne. Wanda aka kife kuwa akwai mai shi, kuma yana da ƴa.

Yanzu Baba na Cibarakaten yana haƙar zinariya. Yakan zo bayan wata huɗu, a rame, da tari. Zuwansa na baya yana shan shayi a tsakar gida, sai ya ce, “Wurin nan ya lalace. Masu tono sun fi zinariyar yawa. Da za a sami mai hankali ya rage ramukan.”

Na buɗe baki. Inna ta dube ni. Na rufe. Kowa a unguwar nan ya san ba na haɗiye magana, amma wannan na haɗiye ta.

Yau da safe na ɗauki karfasa ɗaya daga buhu na ɗora a tafin hannuna, kai a kan yatsu. Hannuna bai kai rabin na Kaka ba, amma wutsiyar ba ta kai wuyan hannu ba. Na daɗe ina kallon ta, har Inna ta ce mai ya yi zafi, mutane na jira. A Agadas babu ruwan da zan mayar da ita. Na jefa ta cikin kasko.