Jan Fenti a Motar Ƙanena

Motar ta ƙanena ce, tsohuwa ƙirar Jamus. Da ya rasu ta dawo hannuna tare da 'yarsa, lokacin tana aji uku a firamare. A gidana na Kamazou ta girma. Da aka sa ranar aurenta abu ɗaya ta roƙe ni: a kai ta coci a motar babanta, kuma ni zan tuƙa. Dangin ango sun yi tayin jif sabuwa, ta ce ta gode.

Na sa aka wanke motar, aka canza taya. Saura kwana biyar idona ya sauka a kan kalifa, ƙarfen nan da ke cije faifan birki a bayan taya. Ta tsakanin ƙarafan wilin ana hango shi, duk tsatsa. A shekarun da na yi aiki a Hamburg ina da maƙwabci da ke fente nasa ja duk bazara, da littafi buɗe a gefensa. A Duwala kuwa na ga ana yi a bakin titi, ba a ko cire taya, fenti na ɗiga kan komai. Na ce ni irin na Bajamushen zan yi.

Bakanikena yana Nasarawa, shekara ashirin yana duba mini motar. Na je aron jak na ɗaga mota da sufana, na faɗa masa niyyata.

"Baba, ka kawo mini ita," in ji shi. "Ni in kwance, mai fentin nan na kusa da ni ya fesa, in mayar. Wuni ɗaya ne."

"Na ga yadda ake yi a inda aka ƙera motar."

"A can ka gani. A nan za ka yi."

Na yi dariya na ɗauki kayan. Ya bi ni da kallo har na fita.

Ranar Laraba na kwance kalifa biyu na gaba. Don kada in rikice na rubuta wa kowanne da alli, wannan dama, wannan hagu. Na kankare tsatsar, na wanke, na fesa fenti sau uku, na shanya su a kan tsohuwar jarida. Da suka bushe sai suka yi kyau kamar tumatir. Rubutun allin ya tafi tun wajen wanki, abin da ya rage fenti ya binne. Ban damu ba, a idona kamar tagwaye suke, kuma kowanne ya zauna daidai inda na ɗora shi. Ranar Juma'a da yamma uwargida ta zauna a kujerar direba tana taka birki, ni ina ƙasa ina fitar da iska. Birkin ya ɗan yi laushi. Na ce mata zai kama kansa.

Asabar da ƙarfe bakwai da rabi na tayar da motar zan kai a ɗaura mata furanni. Layinmu yana da gangara daga ƙofar gida zuwa babban titi, a ƙarshensa akwai wata mata mai suyar ƙosai. Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka soso. Na sake takawa. Motar tana tafiya a hankali, kuma ba ta da niyyar tsayawa. Na ja birkin hannu da hannu biyu, ta tsaya taku uku daga kaskon mai. Matar ta ɗaga kai ta gaishe ni, ba ta san abin da ya faru ba.

Ƙarfe goma za a ɗaura auren. Fastonmu yana da doka da kowa ya sani: amaryar da ta makara sai ta jira a gama auren da ke bayan nata, ranar kuma akwai wani ƙarfe sha ɗaya.

Na kira bakanike. Kafin ya iso maƙwabta suka taya ni tura motar zuwa inda ƙasa ta daidaita. Uwargida ta fito da ankonta, gwaggwaron rabi a ɗaure.

"Baban yara, a kira dangin ango su turo jif ɗin."

"Ba tukuna ba."

"In ka kashe wa mutane amarya fa? Jan fentin ne zai yi bayani?"

Ita ke da gaskiya. Na ce mata in tara da rabi ta yi birki bai kama ba, ni da kaina zan shiga in faɗa wa yarinyar. Daga ɗaki ana jin ƙawayenta suna waƙa.

Bakanike ya sauka daga acaɓa takwas da kwata. Bai ce ai na faɗa maka ba, na fi son da ya faɗa. Ya ɗaga motar, ya ce uwargida ta shiga ta taka. "Mama, taka. Taka. Riƙe." Man birki ya fito sumul, babu kumfa ko ɗaya, birkin kuma yana nan yadda yake. Ya yi sau huɗu kowane gefe. Ya duba tiyo, ya duba tukunyar mai, babu yoyo. Tara saura minti goma.

Sai ya zauna a ƙasa ya zuba wa kalifar ido, ya daɗe.

"Baba, iska a cikin ruwa sama take hawa ko ƙasa?"

"Sama."

"To ina notin fitar da ita?"

Na durƙusa. Ɗan notin yana ƙasa. Na zaga ɗaya gefen, shi ma yana ƙasa. Na dama na ɗaura a hagu, na hagu a dama, iskar ta taru a sama inda ba ta da ƙofa. Ko za mu wuni muna takawa ba za ta fita ba.

"Na rubuta a jikinsu," na ce.

"Da me?"

"Da alli."

Ya ciro wani guntun robar tayar keke daga aljihu ya nuna mini. "Mu da ba mu je Jamus ba, wannan muke ɗaura wa na hagu. Fenti ba ya cinye ta. Riƙe mini sufana."

Minti talatin da biyar ya ɗauka. Na tsaya da babbar rigata a naɗe ina miƙa masa kaya, ina duba agogo. Man birki ya zuba a kan fentin, ya yi ta narkewa yana gangarowa, sufana ta kankare sauran. Da ya ce Mama ta taka, wannan karon kumfa ta fito tana tsartuwa. Ta taka na biyar ta ce, "Ya yi tauri." Shi ya fara sauka gangarar da motar, ya tsaya cak sau uku, sannan ya miƙo mini makulli. Tara da rabi da minti biyu. Furanni ba a samu ɗaurawa ba, ƙawaye suka liƙa ribon a hannun ƙofa.

Amarya ta zauna a baya tare da uwargida. Ta shafa kujerar ta ce har yanzu tana ƙanshin babanta. Ni ƙafata tana kan birki tun daga gida, ina ɗan taɓa shi a kowace kwana. Dab da cocin wata Keke Napep ta faɗo gabana babu sigina. Na danna, motar ta tsaya har gwaggwaron uwargida ya daki silin.

"Baba, lafiya?" in ji amarya.

"Lafiya lau. Birki nake gwadawa."

Uwargida ta dube ni ta madubi. Matan zumuntar coci suna kaɗa tulu a bakin ƙofa lokacin da muka iso, goma saura minti shida. Na fito na buɗe wa amarya ƙofa. Ta kama hannuna muka shiga.

Kalifar tana nan har yau, rabi ja rabi tsatsa. Bakanike ya ce in kawo a fesa mini da kyau, na ce sai bayan damina. Damina biyu ke nan.