Kalmar da ta hana Tahira zama

A Jiratawa kowa ya san Tahira mai zogale. Tun rasuwar mijinta take noman fegin da ya bari bakin gulbi, ta dafa ganyen ta kai kasuwar Maraɗi. Ɗanta guda ne, Bilal. Ya tashi hannun kawunsa a Katsina, ya shiga aikin soja na Najeriya ba da son ranta ba.

Wata safiya tana tsinkar ganye saƙon murya ya shigo salularta. Wani abokin aikin Bilal ne, mutumin kudu, yana zuba Ingilishi da sauri. Ba ta tsinci komai ba sai sunan ɗanta. Ta kira lambar, a kashe.

Ta bar kwandon a gona ta hau kabu-kabu zuwa Sabon Gari. 'Yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, da ta tara duk Faransanci suka iya. Wani mai shago da ya zauna Kano ya saurara, ya ce ya ji "casualty", kuma a saninsa mamaci ake ce wa haka. Ya ce ta zauna, ta ƙi zama. Aka yi mata kwatancen Mushe Anuhu, wato Malam Anuhu, a Tsibiri, tsohon malamin Ingilishi, dattijon coci.

Mushe ya saurari saƙon ya sake saurara. Ya ce kwanton ɓauna aka yi wa motarsu, Bilal na cikin waɗanda abin ya shafa.

"Baba, ya mutu ko yana da rai?"

"Ɗiyata, kalmar nan ta haɗa wanda ya mutu da wanda ya ji rauni. Ba zan ƙara miki abin da bai faɗa ba."

Ya rubuta tambayar da Ingilishi ya aika wa lambar. Tahira ta koma gida ta kasa ci, ta kasa zuwa kasuwa. Maƙwabta suka fara shigowa da fuskar ta'aziyya, tana mayar da su daga bakin ƙofa. Kusan kullum sai ta je Tsibiri, Alisabatu matar Mushe ta shimfiɗa mata tabarma, ita kuwa sai kai da kawowa a tsakar gida.

Amsa ta zo bayan mako: yana asibitin sojoji, an yanke masa ƙafar hagu.

Da kaka kawunsa ya kawo shi Jiratawa. Yanzu Bilal ke tsare injin ban ruwa, ita tana kasuwa. Ba ya zancen ranar, ita ma ba ta tambayarsa.