Kofin Shayin Da Nani Nasiban Ta Zubar

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ni, babban likitan mata na wannan gunduma, nake rubuta wannan da zuciya mai nauyi. Ranar Talata, huɗu ga watan Rajab, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Nani Nasiban, wato Kaka Nasiban, ungozomar ƙauyukan rake na bayan garin Ba.

Nani, rabin waɗanda suka ɗauki makararki ke kika yanke musu cibiya. Wannan kowa ya sani. Abin da zan faɗa kuwa mutum uku ne suka san shi, ke kin tafi da naki kason.

Bara, a mauludin gidan Aiyub, mata sun cika rumfar kwano, suna zaune a kan farin zane kamar yadda aka saba. Wani yaron banza, wanda bai iya komai ba sai tsokana, ya ɓoye kwaɗon rake a kwanon alewa. Da aka buɗe, kwaɗo ya dira a cinyar matar liman. Rumfa ta kaure da ihu da dariya, yaron yana leƙe ta hudar kwano yana jin kansa gwani.

Mace ɗaya ce dariyarta ta yanke a tsakiya. Fitsari ya kuɓuce mata, danshi yana bin farin zanen, a wurin da ake ambaton Annabi. Ga shi saura kaɗan kowa ya miƙe tsaye don salati. In ta tashi a gani, in ta zauna a tambaya. A nan kuwa magana irin wannan takan riga jirgin ƙasan ɗaukar rake isa gari.

Kika dubi fuskarta sau ɗaya. Kika ɗauki kofin shayinki cike, kika taka kamar za ki wuce, kika juye mata shi duka a jiki.

"Wayyo tsufa! Hannun nan ya zama na banza. Taso, 'yata, in wanke miki kafin ya kama. Ku kuma ku naɗe zanen nan, kun zuba min ido kamar shanu."

Matar liman ta ce, "Nani, yau ke da kwaɗo kun haɗa baki."

Kika ce, "Shi dai ya fi ni saiti."

Kin rufa asiri, amma matar ta rufe kanta a gida. Ta daina dariya, ta rage shan ruwa, atishawa ma tsoronta take ji, tana kuka wai sallarta ba ta karɓuwa. Ke kika bi ta har ɗaki. Kika ce mata haihuwa bakwai, da ɗaukar damin rake, da tarin hayaƙin murhu ne suka sassauta naman da ke riƙe mafitsara. Ba la'ana ba ce, ba ƙazanta ba. Kika koya mata ta matse wurin kamar mai riƙe iska, ta ƙirga biyar ta saki, sau goma bayan kowace salla. Ta sha ruwa, ta rage shayi, ta bar wa maza dami. Kika tambayo mata hukuncin alwalar mai lalura ba tare da kin kama suna ba. Da wata uku suka wuce da sauran ɗigo, ke kika riƙe hannunta zuwa asibiti, aka sa mata zoben da ke tallafe wurin.

Allah Ya jiƙanki, Nani. Ya suturta ki ranar da asirai ke tonuwa, kamar yadda kika suturta baiwarSa. Ya ba 'yarki Jaibun da jikokinki haƙuri, Ya yalwata kabarinki da haske.

Saura gaskiya. Ni ba likita ba ne, ban wuce makarantar Alƙur'ani ta masallacinmu ba. Ni Intaz ne, ɗan Mehrun. Da na sa sunana a sama, babu mai karanta layi na biyu. Ni na sa kwaɗon, matar kuma uwata ce.

Ranar mauludin kin kama kunnena a bayan rumfa kin ce, "Ɗan kwaɗo, na ga ƙafarka. Ba zan faɗa ba. Amma ranar da uwarka ta sake dariya, ka zo ka gaya min."

Jiya na durƙusa na faɗa wa Amma, wato uwata, komai, na miƙa mata takardar nan. Ta karanta ta har ƙarshe. Can ta ce, "Sa sunana. Nani ta tafi, masu ɓoye irin wannan lalura su zo wurina." Sai idonta ya koma kan layin farko. "Babban likita? Kai?" Ta fashe da dariya har da riƙe ciki, har da hawaye. Ta miƙe, tabarma a bushe.

Nani, ga saƙonki na kawo. Na makara da kwana uku.