Abdelkader Da-Saura: Ba Kai Ka Ce An Gama Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, goma ga Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Abdelkader, ɗan Damagaram mazaunin unguwar Mahjar a Jidda, makanikin jiragen ruwa a gaɓar tekun Obhur, bayan jirgin da yake ciki ya daki dutsen murjani. Ina rubutun nan raina a ɓace, kuma ba zan ɓoye ba.

Abdelkader, shekaru muna fitar da iska daga sitiyarin jirage tare. Ni a gaba ina juya sitiyari ina ƙara mai, kai a baya a tsugunne gaban silinda, ka kwance bawul, ka zura tiyo cikin kwalba kana kallon kumfa. Hannuna ya gaji in ce maka ya isa, kai kuwa ko ɗago kai ba ka yi, sai ka ce, "Da saura." Har kalmar ta zama sunanka. Na sha yi maka tsiya cewa ko shayi ka dafa sai ka tsaya neman kumfa a ciki. Kai ka kama mini ɗaki a Mahjar lokacin da ban san kowa a Jidda ba, kai ka sa mini spana a hannu.

Ranar da abin ya faru, an gama ɗaura wa jirgin na'urar da ke tuƙi da kanta. Duk wanda ya taɓa aikin ya san sabon famfo da sabbin tiyo cike suke da iska, sai an kunna famfon dama da hagu an fitar da ita, in ba haka ba sitiyari ya yi laushi, a juya jirgi ya ƙi juyawa. Muna tsakiyar wannan Muath, ɗan mai jirgin, ya iso da baƙinsa da 'ya'yansu. Da kunnena na ji ka ce masa, "Lissa, da saura, ya Muath, akwai iska a ciki." Ya ce, "Halas, yalla," wato an gama, a tafi. Ka dubi yaran, ka ɗauki galan ɗin mai ka bi su cikin jirgin, ka bar ni a bakin ruwa. Kowa ya dawo da ransa sai kai, domin kana durƙushe wajen silinda lokacin da jirgin ya yi karo. Har kai ina jin haushinka, don me ba ka zare makullin ka riƙe ba?

Yanzu gidan mai jirgin suna yaɗa cewa makaniki ne ya yi aikin ganganci. Wannan bai ƙona mini rai kamar abin da na gani a zaman makokinka ba. Mutanenmu, waɗanda suka ci tuwo a gidanka, suna ja mini riga suna raɗa, "Souleymane, ka yi shiru, iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, a hannun wa take? Ƙaddara ce, halas." Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta ce a yi wa mamaci ƙazafi ba. 'Yarka Nafissa, wadda Hausa ke yi mata nauyi a baki, ta tare ni a ƙofa ta ce, "Ammu, da gaske abuya ne ya yi ghalat?" Wato, Baffa, ko babanta ne ya yi kuskure. Na ce mata a'a. Abin da na faɗa mata a ƙofa shi nake rubutawa a nan da sunana, kafili, ubangidan da iƙamata ke hannunsa, ya karanta in ya so.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya karɓe ka cikin shahidai. Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka Mas'uda, da Nafissa, da 'yan'uwa na Damagaram, Allah Ya ba su haƙuri. Masu cewa halas kuwa, akwai ranar da za a tsaya gaban Allah. Da saura.