Ranar da Muka Yanka Dam da Hannunmu

A duk shekarun da na yi a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da muka yanka dam da hannunmu. Bayan dawowar mulkin farar hula ne da ƙaddamar da Shari'a, wayar hannu ta fara shigowa karkara. Ina matsayin mai kula da ayyuka, wato ƙasa da injiniya, sama da leburori. Kwalbatoci da ƙananan dam na ƙasa duk ni ke zagayen duba su.

Ga wanda bai san yankinmu ba, ƙasar Rano da Kibiya duwatsu ne da kwari. Dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya zuba a kansa gangarowa yake yi gaba ɗaya. A wani kwari can wajen Rurum akwai ɗan dam da aka tare tun zamanin fari, don shanu su samu na sha da rani. Da aka daɗe ba a ga ruwa mai yawa ba, mutane suka yi ta gini a ƙasansa har ya zama unguwa. Sai damina ta canza hali. Ruwa ya riƙa makara, ya ɗauke har shuka ta yi yaushi, sannan ya sauko lokaci ɗaya kamar da bakin ƙwarya.

Wani watan Agusta, bayan an kwana ana ruwa, na hau babur na je dubawa. Dam ya cika maƙil. Da na zaga bayansa, sai na ga jan ruwa yana tsattsafowa daga gindin bangon. Idan fari ne, da sauƙi. Ja kuwa yana nufin ƙasar bangon yake kwashewa ta ciki. Ga hadari kuma ya sake haɗowa daga gabas.

A ƙa'ida ba na taɓa dam sai da izinin injiniya. Na hau dutse neman sabis, da ƙyar na same shi a waya.

"Ranka ya daɗe, ja yake fitarwa."

Ya ce, "Hanya ta yanke, ba zan iya isowa ba. Akwai gefen da za a yanka a rage ruwan?"

"Akwai ta arewa, amma gonar mutum zai bi."

"Ka nemi mai unguwa da mai gonar. In sun yarda ka yanka, na ɗauki nauyi."

Mai unguwa ya kira mutum biyu. Ɗaya Malam Isyaku ne, dattijon da masararsa ta fara goyo a gonar, gidansa kuma yana kan tudu, ruwa ba zai taɓa shi ba. Ɗayan Arɗo Bello ne, shugaban makiyayan wurin.

Arɗo ya ce, "In kuka zubar da ruwan nan, ina zan kai shanu da rani?"

Na ce, "Arɗo, in ya fashe, dam ɗin ma babu shi."

Malam Isyaku ya dube ni. "Malam Habu, ka tabbata zai fashe?"

"Wallahi Baba ban tabbata ba. Zai iya tsayawa. Amma in bai tsaya ba, ba za a samu damar fitar da yara ba."

Ya daɗe yana kallon gonar. "Abincin gidana ke nan na bana," ya ce a hankali. Sai ya juya ga mai unguwa. "A kawo diga da shebur."

Aka kwashe mata da yara zuwa makarantar firamare da ke kan tudu. Muna cikin haƙa ruwa ya tsuge. Tsorona shi ne kada wurin da muka yanka ya yi ta cinyewa har ya kai ga bangon, mu jawo abin da muke gudu da kanmu. Muka yi ta jera duwatsu da buhunan yashi a bakinsa. Na kafa sanda a gaɓa ina dubawa. Tun azahar ruwa bai motsa daga jikin sandar ba, muna jin masara tana karyewa a bayanmu. Sai bayan la'asar na ga ya ja baya kamar faɗin tafin hannu. Na zauna a cikin taɓo.

Unguwa ta tsira, gona ta tafi. Da kaka makwabta suka haɗa wa Malam Isyaku damman hatsi, amma ba su kai abin da ya rasa ba. Arɗo kuwa tun kafin tsakiyar rani ya kora shanunsa kudu. Daga baya aka gina wa dam ɗin mafitar ruwa ta siminti.

Ku da kuke fara aiki yanzu, yawancin abubuwan da kuka gada an auna su ne da ruwan zamanin da, ba na yau ba. Ku riƙa zagayawa, kada ku jira rahoto. Kuma idan an kuɓutar da gari, ku tambaya gonar wa ruwan ya bi, ku je ku gaishe shi.